Ya hau da kashi 50, ya sauka da kashi 50, to me ya hana shi komawa inda yake?

Kwanaki muka yi wani musu da wani abokina wanda har yau bai gama yarda ba, kuma mutum ne da ya yi karatu fa, ba wai lissafi ne bai iya ba. Tambayar da na yi masa ita ce, a ce akwai kayan da farashinsa ya tashi da kashi 50 cikin ɗari, bayan wata biyu kuma ya sauko da kashi 50 cikin ɗari, shin ya koma inda yake ko bai koma ba? Ko tunani bai tsaya yi ba ya ce "haba malam, ai wannan ba tambaya ba ce, abin da aka ƙara shi aka cire". Na ce to ɗauko wayarka ka buɗe kalkuleta. A ce kuɗin kayan 100 ne, ko ma da wane irin kuɗi ne ba ruwanmu. An ƙara kashi 50, ya zama 150. Yanzu cire kashi 50 na 150 ɗin, wato 75, saura 75. Ya kalli wayar ya kalle ni, ya sake dannawa, 75 dai ta fito. Sai cewa ya yi wai akwai wayo a cikin tambayar.

Babu wani wayo wallahi. Abin da ke ruɗa mu shi ne mun saba ɗaukar "kashi kaza" kamar yadda muke ɗaukar kilo ko mita, alhali kilo ɗaya kilo ɗaya ne ko ina ka kai shi, shi kuwa kashi 50 ba shi da nauyin kansa, kullum jira yake a ce masa "na me". Lokacin da farashin ya hau, rabin 100 aka ƙara. Lokacin da ya sauka, rabin 150 aka cire. Sunan ɗaya ne, amma tushen da aka tsaya a kai aka auna ya riga ya canza, kuma duk wani ruɗanin da za ka gani a wannan babin daga nan ya samo asali.

Hanyar da ni na ga ta fi sauƙi ita ce mutum ya daina tunanin ƙari da ragi gaba ɗaya ya koma tunanin sau nawa. Ƙarin kashi 20 yana nufin ka ninka farashin sau 1.2, ragin kashi 20 kuma sau 0.8. In duka biyun suka faru sai ka haɗa su, 1.2 sau 0.8, ka samu 0.96, kaga an rasa kashi 4 kenan. Kuma ko wanne ya fara zuwa duk ɗaya ne, ko ragin aka fara ko ƙarin, 96 za ka tarar, tunda 0.8 sau 1.2 ma 0.96 ne. Mutane da yawa suna zaton in aka fara da ragi sannan aka yi ƙari to zai wuce inda yake, ina, ƙasa dai zai tsaya. Giɓin ma yana da ƙa'idarsa: ka ninka lambar da kanta ka raba da ɗari. Kashi 10 sama da ƙasa, an rasa kashi 1. Kashi 30, an rasa 9. Kashi 50, an rasa 25, wanda shi ne 75 ɗin da ta ɗaure wa abokina kai. In lambar ƙarama ce kamar kashi 2, daga 100 za ka dawo 99.96, wa zai lura da wannan? Inaga shi ya sa kuskuren ya zauna mana a ka, saboda a ƙananan lambobi lissafin baka yana yin daidai ko kusa da daidai, sai mu ɗauke shi mu kai shi wurin manyan lambobi inda ba ya aiki sam.

To yanzu juya tambayar, wadda ita ce ta fi amfani. In farashi ya hau, da kashi nawa zai sauka kafin ya koma asalinsa? Kaya ya tashi daga 80 zuwa 100, an ƙara 20 a kan 80, kashi 25 kenan. Kafin ya koma 80 sai an cire 20 daga 100, kashi 20 kacal. In ya ninka, wato ya hau da kashi 100, ragin kashi 50 ya isa ya dawo da shi. In ya hau da kashi 300, ya zama ninki huɗu kenan, ragin kashi 75 ne zai mayar da shi. A nan ma akwai wani ƙaramin tarko, ƙarin kashi 300 ba ninki uku ba ne, ninki huɗu ne, domin ukun an ɗora su ne a kan ɗayan da ke nan tun farko. Sau da yawa za ka ji an ce "ya ninka sau uku, wato kashi 300", to ɗaya daga cikin biyun kuskure ne.

Ta ɗaya ɓangaren ne abin ya fi ciwo. In abu ya faɗi da kashi 50, sai ya tashi da kashi 100 kafin ya dawo. In ya faɗi da kashi 80, daga 100 ya koma 20, to sai ya ninka sau biyar, ƙarin kashi 400. In kashi 90 ne, ƙarin kashi 900. Faɗuwa tana da iyaka, a ka'ida ba ta wuce kashi 100 tunda nan abu ya zama kyauta, hawa kuwa ba shi da rufi, shi ya sa lambobin biyu ba sa taɓa zama tsara. Masu zuba kuɗi a hannun jari sun fi kowa sanin zafin wannan. Ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannun jarin Amurka ya kai maki 381 a farkon watan Satumba na 1929, zuwa Yuli na 1932 ya dawo maki 41, faɗuwar kusan kashi 89 cikin ɗari. Wanda bai san lissafin ba zai ce to ai in ya tashi da kashi 89 shikenan an fanshe. Kashi 89 a kan 41 ko 80 ba zai kai ka ba. Abin da ake buƙata shi ne ya ninka sau tara da ɗoriya, ƙarin sama da kashi 800, kuma bai sake taka wancan matsayin ba sai a watan Nuwamba na 1954, shekara 25 kenan. Na Japan ma, Nikkei, ya kai maki 38,915 a ƙarshen Disamba na 1989, ya yi ta gangarowa da tashi har ya sauko wajen 7,000 a watan Maris na 2009, bai wuce tsohon matsayinsa ba sai Fabrairu na 2024. A tsakanin nan an yi shekarun da kasuwar ta tashi da kaso mai tsoka, ana murna, amma wanda ya saya a ƙololuwa yana nan a cikin rami, don hawan ana auna shi ne daga ƙasan ramin.

Bari mu dawo kan ɗan kasuwa, don shi ne wannan lissafin zai iya cinye wa uwar kuɗi bai sani ba. Ya saro kaya a kan 100, ya ɗora ribar kashi 30, yana sayarwa 130. Kasuwa ta yi sanyi, kaya sun daɗe a ajiye, sai ya ce bari in yi ragin kashi 30 in fitar da uwar kuɗina kawai. Kashi 30 na 130 shi ne 39, ya sayar a 91, asarar 9 a kan kowane ɗaya, shi kuma a ransa ya tashi ba riba ba faɗuwa. Iyakar ragin da zai iya yi bai taɓa uwar kuɗi ba shi ne kusan kashi 23, wato 30 a raba da 130. Haka kuma kalmar "riba" kanta tana da fuska biyu, wanda ya saya 100 ya sayar 125 zai ce ribarsa kashi 25 ce, akawunsa kuma zai rubuta kashi 20, tunda shi daga kuɗin da ya shigo yake aunawa, 25 cikin 125. Babu maƙaryaci a cikinsu, amma in abokan kasuwanci biyu suka yi yarjejeniya a kan "kashi 25" ba su fayyace na me ba, to ranar rabo akwai rigima.

Wanda ya gane lissafin kuma zai iya juya shi a kan mai saye. A ɗaga farashi da kashi 25 a ɓoye, bayan kwana biyu a manna takarda da manyan baƙaƙe "ragin kashi 20", an dawo daidai farashin da, ba a rage ko sisi ba. In ma aka ɗaga da kashi 40 aka rage 20, 1.4 sau 0.8, 1.12, kana murnar samun rangwame kana biyan ƙarin kashi 12. Sai kuma rangwame a kan rangwame, "ragin kashi 20, da ƙarin kashi 10 a wurin biya", kunne yana jin 30 amma 0.8 sau 0.9 shi ne 0.72, ragin kashi 28 ne. Kashi 50 da ƙarin kashi 50 kuwa ba kyauta ba ne, kwatan kuɗin za ka biya. "Sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta" ragin sulusi ne, kusan kashi 33, kuma sai in da ma kana buƙatar ukun.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɓuya, inda farashin bai motsa ba amma kayan ne suka ƙanƙance. Fakitin da yake giram 500 ya koma giram 400, kuɗin na nan yadda yake. An rage kashi 20 na kayan, sai mutum ya ce to tsadar kashi 20 ce. A'a, kuɗin kowane giram ya tashi da kashi 25, domin abin da kake biya wa 500 yanzu 400 kake biya wa, 500 a raba da 400, 1.25. Wannan 20 da 25 ɗin za ka yi ta cin karo da su, tagwaye ne. Kaya biyu, ɗaya 80 ɗaya 100, mai na 80 zai ce nawa ya fi araha da kashi 20, ko kuma in yana son lambar ta fi girma ya ce na wancan ya fi tsada da kashi 25, duka gaskiya ne, ya zaɓi wadda ta fi daɗin ji ne kawai.

Canjin kuɗi ma haka. A ce a wata ƙasa ana sayen dala ɗaya da 100 na kuɗinsu, sai ta koma 200. Dala ta tashi da kashi 100, wannan daidai ne. Amma kuɗin ƙasar bai faɗi da kashi 100 ba, da kashi 50 ya faɗi, don da ya faɗi da kashi 100 ai ya zama takardar banza kenan. Ni dai duk inda na ga an rubuta cewa kuɗin wata ƙasa "ya faɗi da kashi 150" nakan san marubucin tashin dala ya auna ya laƙaba wa ɗaya kuɗin. In dala ta tashi da kashi 150, daga 100 zuwa 250, darajar kuɗin ƙasar ta ragu ne da kashi 60.

Yanzu ga babban wurin da ake samun saɓani tsakanin hukumomi da jama'a, wato hauhawar farashi. A fito a ce "hauhawar farashi ta ragu", mutum ya je sayayya ya ga komai ya ƙara kuɗi, ya dawo yana cewa ƙarya ake mana. Ba lallai ƙarya ba ce, amma gaskiya yadda ake faɗin maganar yana gayyato rashin fahimta. Hauhawar farashi gudun mota ne, farashi kuma nisan da motar ta ci. In direba ya sassauta gudu ai motar ba baya take komawa ba, gaba dai take yi, sannu a hankali. Dubi Amurka, a watan Yuni na 2022 hauhawar farashi ta shekara ta kai kashi 9.1, a Yuni na 2023 ta sauko zuwa kashi 3. Babbar sauka ce. Amma abin da ake saya da 100 a Yuni na 2021 ya zama 109.1 a 2022, sannan aka ɗora kashi 3 a kan 109.1 ɗin ya zama wajen 112.4 a 2023. Babu inda farashi ya sauko, ƙarin ne ya ragu. Kafin farashi ya sauko da gaske sai lambar ta koma ƙasa da sifili, wanda ba kasafai yake faruwa ba, kuma manyan bankunan ƙasa, masu kula da kuɗin ƙasashe, ma ba sa sonsa, don in mutane suka san gobe kaya za su fi araha sai su riƙe kuɗinsu kasuwa ta mutu.

Sannan lambar shekara tana dogara ne da watan da aka kwatanta da shi. In bara warhaka farashi ya yi wani mugun tsalle, to bana lambar za ta fito ƙarama ko da ba a yi wani abin kirki ba, saboda tushen ya riga ya yi sama. In kuma bara farashi ya faɗi warwas, kamar yadda na man fetur ya yi a 2020 lokacin kullen korona, to komawarsa daidai kawai a 2021 sai ta fito kamar gagarumin tashi. Kafin mutum ya yaba ko ya zagi wata lamba, ya kamata ya leƙa ya ga me ya faru a watan da aka tsaya a kai.

Albashi fa? Kaya sun hau da kashi 25, an ƙara maka kashi 10. Lissafin baka zai ce an bar ka a baya da kashi 15. Ainihin lissafin shi ne 110 a raba da 125, 0.88, ƙarfin sayenka ya ragu da kashi 12. A nan kuskuren ya zuzuta abin. Amma a wurin tara watanni rage shi yake yi, don kashi 5 duk wata ba kashi 60 ba ne a shekara, kowane wata yana hawa ne a kan na baya, 1.05 sau goma sha biyu a jere zai ba ka kusan 1.8, ƙarin kashi 80. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Phillip Cagan, a 1956 ya ɗauki kashi 50 a wata a matsayin inda hauhawar farashi ta zama ta fitar hankali. Ka ce kashi 600 a shekara ko? In aka jera wata goma sha biyu a haka farashi zai ninka kusan sau 130.

Sai maganar kashi da maki, wadda ita kuma 'yan jarida ne suka fi faɗawa cikinta. In abin da ya canza shi kansa da kashi ake auna shi, kamar haraji ko kuɗin ruwa, to akwai amsa fiye da ɗaya. A watan Janairu na 2011 Birtaniya ta ɗaga harajin kayan sayarwa, wanda ake kira VAT, daga kashi 17.5 zuwa kashi 20. Da nawa ya tashi? Da maki 2.5, wannan ɗaya. Shi harajin kansa ya ƙaru da kusan kashi 14, tunda 2.5 cikin 17.5 ne, wannan biyu. Abin da mai saye zai ji a aljihunsa kuwa daga 117.5 zuwa 120 ne, kusan kashi 2.1, wannan uku. Mai kare gwamnati zai ɗauki ta ukun, ɗan adawa ya ɗauki ta biyun, a yi ta ce-ce-ku-ce kowa da lambarsa kuma kowa na da gaskiya. In kuma kana son cire harajin kashi 20 daga kuɗin da ke kan rasit, kada ka cire kashi 20, raba za ka yi da 1.2, don kashi 20 na 120 shi ne 24, za ka sauka a 96 maimakon 100.

Masana tattalin arziki su ma abin ya dame su har suka nemo hanyar da hawa da sauka za su ba da lamba ɗaya. Wata hanyar ita ce a auna daga tsakiya, tsakanin 80 da 100 tsakiyar 90 ce, 20 cikin 90 kusan kashi 22, ko hawa aka yi ko sauka. Wata kuma da wani salon lissafi da ake kira logaridim ake yi, ita ma wajen 22 take bayarwa, kuma tana da daɗin cewa za ka iya tara lambobinta kai tsaye ba sai ka ninka ba. Suna da kyau a takardar bincike, amma ba wanda zai tsaya gaban mai kaya yana ciniki da logaridim, don haka mu dai sau 1.25 da sau 0.8 ɗinmu sun ishe mu.

Na ce ɗazu a ka'ida faɗuwa ba ta wuce kashi 100, da gangan na sa "a ka'ida". Ranar 20 ga Afrilu na 2020, ɗanyen man Amurka da ake kira WTI, na cinikin da za a karɓi man a watan Mayu, ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili kowace ganga. Duniya na kulle, ba mai ƙona mai, tankunan ajiya na Cushing a jihar Oklahoma inda ake miƙa man sun kusa cika, wa'adin cinikin kuma washegari zai ƙare, duk wanda wa'adin ya ƙare takardar cinikin na hannunsa dole ya karɓi man da ba shi da inda zai zuba, sai masu ita suka koma biyan kuɗi don a rabu da su. Kafin ranar farashin dala 18.27 ne, don haka in ka buga lissafin faɗuwar kusan kashi 306 ce, kuma a wannan karon ba kuskuren ɗan jarida ba ne. Washegari ya rufe a dala 10 da ɗan ɗori sama da sifili. To da kashi nawa ya tashi? Ka raba bambancin, dala 47 da wani abu, da tushen da yake ƙasa da sifili, kalkuleta za ta nuna maka wajen kashi 127 da alamar ragi a gabanta, wai faɗuwa aka yi, a ranar da gangar ta ƙara kuɗi da kusan dala 48.